Shirun da Ke Tsakanin Minshari Biyu

A daren da na fara kwana a ɗakin kawuna, shekara shida bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, ban runtsa ba. Watan Disamba ne, sanyin Jos ya kankama, irin wanda ke mayar da ruwan buta kamar ƙanƙara kafin asuba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta tafi Bauci suna, aka ce in zo Gangare in kwana da shi saboda fita fitsarin dare. Na gyara masa bargo, na ɗora hannunsa na dama, wanda ba ya motsi, a kan ƙaramin matashi, na shimfiɗa tabarma a gefen gado.

Ba a jima ba minshari ya fara. Wannan bai dame ni ba, duk dangi sun san kawu da minshari tun yana dillancin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada. Abin da ya tashe ni zaune shi ne shirun. Minsharin sai ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, sai ɗif, kamar an toshe bakin tulu. Na haska shi da fitilar waya. Ƙirjinsa da cikinsa suna ta kokawa, suna ɗagawa suna sauka, amma iska ba ta shiga, ba ta fita. Na duba agogo: daƙiƙa 10, 20, har 30 ta gota. Sai ya yi wata irin zabura da gurnani, kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ƙafarsa mai lafiya ta shuri bargo, ya ja numfashi uku ko huɗu da ƙarfi, minsharin ya dawo. Bai buɗe ido ba. Bayan minti biyu aka sake. Na ƙirga fiye da sau 30 a cikin awa guda, daga nan na daina ƙirga, na zauna ina kallonsa ina addu'a.

Da gari ya waye na tambaye shi yadda ya kwana. Ya ce lafiya ƙalau, sai dai ciwon kan nan na kullum da bushewar baki. Da Inna ta dawo na faɗa mata abin da na gani, ina zaton hankalinta zai tashi. Ko kaɗan. Ta ce ai haka yake tun kafin ciwon ya same shi, sai dai ya ƙaru daga baya. Idan shirun ya yi tsawo takan ɗan taɓa shi ya dawo. Shekara shida tana raka shi asibiti, ana auna jini, ana canza magani, ana tambayarta gishiri da mai da motsa jiki. Ba a taɓa tambayarta yadda yake barci ba, ita kuma ba ta taɓa ɗauka abin faɗa wa likita ba ne.

Abin da na gani a daren nan ciwo ne mai suna a wurin likitoci: ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan mutum ya yi barci, tsokar maƙogwaro da harshe da ganɗa sukan saki. Ga mafi yawan mutane hanyar iska na nan a buɗe. Ga wasu kuwa sai ta ƙuntace, iska ta riƙa kaɗa naman da ya saki, wannan shi ne minshari. Idan ta rufe ruf, numfashi ya tsaya. Likitoci na ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Daga sau 5 zuwa 15 a awa guda ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuma mai tsanani.

Ɓarnar tana cikin abin da ke faruwa a lokacin shirun. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita, ta aika wa jiki saƙon tashin hankali irin na wanda aka biyo da gudu. Zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya yi tsalle sama, mutum ya ɗan farka na daƙiƙa biyu ko uku, abin da ba zai tuna ba da safe. A lafiyayyen mutum jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 da dare, zuciya da jijiyoyi su huta. Mai wannan ciwon ba ya samun hutun nan. Mutumin da numfashinsa ke tsayawa sau 30 a awa, a barcin awa bakwai jikinsa ya firgita fiye da sau 200. Kullum, shekara da shekaru. Shi ya sa ciwon ke tafiya tare da hawan jinin da ya ƙi jin magani, wanda ake ba mutum ƙwaya iri uku har huɗu bai sauka ba, da kuma rikicewar bugun zuciya da ke sa jini ya dunƙule ya tafi ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa.

A 2005 likitoci a Jami'ar Yale ta Amurka suka fitar da sakamakon bin diddigin mutum 1,022. Suka tarar masu ɗaukewar numfashi sun kusa ninka waɗanda ba su da shi a haɗarin shanyewar jiki ko mutuwa, ko da an cire lissafin ƙiba da sigari da ciwon sukari da hawan jini. Wato ciwon kan riga shanyewar zuwa, kamar yadda Inna ta shaida. Amma binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na likitocin birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 2019. Sun tattara bincike 89 da aka yi a kan mutum fiye da 7,000 da suka samu shanyewar jiki ko gargaɗinta. Kashi 71 cikin 100 suna da matsalar numfashi a barci, kashi 30 kuma suna da mai tsanani. Sannan adadin bai sauka ba tsakanin waɗanda aka auna a kwanakin farko da waɗanda aka auna bayan watanni sun shuɗe. Mutum ya tashi daga jinya, ya koyi tafiya da sanda, ya koma masallaci da majalisa, ana ta yi masa barka, amma darensa na nan yadda yake.

A namu yankin, babban aikin da aka yi kan shanyewar jiki shi ne binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da Farfesa Bruce Ovbiagele suka jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, likitoci daga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da na nan Jos suka sa hannu a ciki. Sakamakon da suka buga a 2018, a kan majinyata 2,118, ya nuna hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma na shanyewar jiki a wurinmu, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 59 ne. Mutane ne masu iyali a wuya, masu sauran aiki a gaba. To idan hawan jini shi ne uban tafiyar, duk abin da ke hura masa wuta da dare bai kamata a bar shi a bayan ƙofa ba. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da ɗaukewar numfashi a barci, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawansu.

Me ya sa abin ya fi kama wanda ya taɓa shanyewa? Wani ɓangare, kamar yadda na ce, dama yana da shi. Wani ɓangaren kuma shanyewar ce ta ƙara masa. Raunin da muke gani a hannu da ƙafa da karkacewar baki yakan shafi harshe da maƙogwaro ma. Mutumin da ke ƙwarewa idan yana shan kunu, tsokar da ta gaza masa da rana ita ce za ta gaza masa da dare. Ga wasu kuma shanyewar ta taɓa wurin da ke ba da umarnin numfashi a gindin ƙwaƙwalwa, sai numfashin ya riƙa hawa yana sauka yana ɗaukewa ba tare da toshewa ba. Sai kuma abu mafi sauƙin gani, wanda na gani da idona: kwanciyar rigingine. Lafiyayyen mutum kan juya sau da yawa cikin dare bai sani ba. Wanda rabin jikinsa ya mutu, yadda aka kwantar da shi haka zai kwana. Mu kuma masu jinya mun fi son kwantar da shi a rigingine, don ya fi sauƙin ɗagawa da lulluɓewa. A wannan kwanciyar ce harshe ke zamewa baya ya rufe hanya.

Da rana ciwon yakan ɓoye a bayan shanyewar. Kawu kan yi gyangyaɗi a kan kujera tun da hantsi, carbi ya faɗi daga hannunsa. Yakan manta abin da aka faɗa masa jiya. Ya zama mai saurin fushi, shi da aka sani da raha. Masu gashin ƙashi suka ce ba ya ba da himma. Yakan tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, har sau biyu yana faɗuwa a hanyar bayi. Duk muka jingina wa shanyewar da tsufa. Alhali kowanne daga cikin waɗannan alamu ɗaukewar numfashi na iya kawo shi ko ya ƙara shi, har da yawan fitsarin, domin kokawar da ƙirji ke yi da rufaffen maƙogwaro na sa zuciya ta saki wani sinadari da ke tura ƙoda aiki. Akwai kuma tarko ga likita: bincike ya nuna masu shanyewar jiki da ke da ciwon sau da yawa ba su da ƙiba sosai, kuma ba sa kawo kukan yawan barci kamar sauran mutane. Likitan da ke jiran ya ga mai teɓa da kaurin wuya yana hamma kafin ya yi zargi, majinyata da yawa za su wuce ta gabansa.

Mu ma da namu laifin. A wurinmu minshari alamar gajiya ce, ko ta barci mai daɗi. Magidanci ya sha wahalar nema, a bar shi ya huta. Wanda ya farka a firgice yana jin an shaƙe shi, sai a ce dannau ne, a nemo rubutu da hayaƙi. Ita kanta shanyewar har gobe akwai masu ce mata jifa ko bugun iska. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma na yi ta a daren nan. Amma addu'a ba ta hana a gaya wa likita abin da ido ya gani. Sai kuma kunya. Mace ba za ta zauna gaban baƙon namiji ta kwaikwayi minsharin mijinta ba, a ganinta tonon asiri ne. Idan matar ce majinyaciyar abin ya fi muni: wa zai ce Hajiya tana minshari? Ga shi kuwa bayan mace ta daina al'ada haɗarin ciwon yana ƙaruwa gare ta sosai. Tsofaffin mata da yawa da jikoki suke kwana, yara masu nauyin barci. Wasu mazan kuma su kaɗai ke kwana a turaka, babu mai ji balle ya ba da labari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan mai ɗakin barci yake, sai wanda ke kusa da shi.

Jos tana da nata ƙarin. Gari ne a kan tudu, kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko kusa da digiri 10. Hazo da ƙura su toshe hanci, mutum ya koma numfashi ta baki, minshari ya ƙaru. Ana rufe taga da ƙofa ruf, wasu su shigo da kaskon gawayi ɗakin majinyaci don tausayi. Wannan tausayin na iya kisa ko ga lafiyayye, domin hayaƙin gawayi mara wari yana hana jini ɗaukar oksijin. Ina ga wanda dama numfashinsa ke yankewa. Haka ƙwayar barci. Majinyaci ya ce ba ya samun barci mai daɗi, sai a aika yaro kemis a sayo masa irin su Valium. Ƙwayar ta ƙara sakin maƙogwaro, ta kuma danne zaburar nan da ke ceto shi. Taramol da kodin da giya, har burkutu, duk hanya ɗaya suke bi. Na kuma ji ana ba masu minshari shawarar zuwa wurin wanzami a cire beli. Cire beli ba ya buɗe maƙogwaron da ya rufe, kuma mafi yawan masu shanyewar jiki suna shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Jinin da zai zuba ba lalle ya tsaya ba.

Akwai kuma waɗanda suka warware sosai har suka koma sitiyari. Duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo a bayan babbar mota ya san gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya isa. Goro da shayi mai kauri suna rufe alamar ne kawai.

Tabbatar da ciwon na buƙatar gwajin barci: mutum ya kwana da wayoyi a jiki suna auna numfashi da oksijin da bugun zuciya, ko a ba shi ƙaramar na'ura ya kwana da ita a gida. Wuraren gwajin ba su da yawa a Najeriya, kuma da tsada. Sai dai kafin a kai can akwai matakin da ba ya cin ko sisi. A 2008 likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada suka tsara tambayoyi takwas: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, ko wani ya ga numfashin ya tsaya, hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, kaurin wuya da ya haura santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya amsa e sau uku ya shiga sahun zargi. Namijin da ya haura 50 yana da hawan jini ya riga ya cika ukun tun ba a zo kan minshari ba, abin da ke nuna kusan duk layin da ke zaune a asibitin masu shanyewar jiki ya cancanci a yi masa tambayar. Jos ba ta rasa wuraren da za a fara ba: ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga na Jami'ar Bingham, ga Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, duk suna ganin waɗannan majinyata. A ganina ma'aikatan gashin ƙashi su suka fi dacewa da tambayar, don su ke zama da majinyaci da mai jinyarsa mako bayan mako, har sabo ya kawar da kunya.

Babban maganin shi ne na'urar hura iska da ake kira CPAP, wadda Farfesa Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya bayyana wa duniya a 1981. Abin rufe hanci ne da tiyo da ƙaramin inji mai tura iska a hankali, iskar ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ga wanda ya jure ta, minshari da shirun duka sukan ɓace tun daren farko. Amma ba zan ɓoye abin da bincike ya nuna ba. A 2016 aka fitar da sakamakon babban gwaji mai suna SAVE, a kan mutum 2,717 masu ciwon zuciya ko shanyewar jiki, akasarinsu 'yan Sin. Na'urar ta rage barcin rana, ta gyara yanayin rai, mutane suka rage fashin aiki, amma ba ta rage yawan sake shanyewa ko bugun zuciya ba. Sai dai a matsakaici awa 3.3 kacal suka riƙa kwana da ita a dare, kuma an ga alamar raguwar shanyewa ga waɗanda suka kai awa huɗu zuwa sama. Don haka kada wanda ya samu na'urar ya ajiye maganin hawan jininsa. Ni dai ko gyaran ranar kaɗai ya ishe ni hujja: mutum ya iya sauraron huɗuba har ƙarshe, ya iya tuna sunan jikansa, ya samu ƙarfin atisayen da zai dawo masa da hannu.

Matsalarta a wurinmu a fili take. Daga waje ake shigo da ita, da dala ake saye. Tana son wuta tun daga kwanciya har asuba, wanda ke nufin sola da batir ga mai hali. Janareta a kusa da taga kuma wani haɗarin hayaƙin ne. Mai hannu ɗaya ba zai iya ɗaura abin rufe hancin da kansa ba, sai da mai taimako, kuma a lokacin hunturu iskar na busar da hanci idan babu ruwan ɗumi a injin. Gidaje nawa ne a Gangare ko Dilimi ko Anguwar Rogo za su iya wannan, bayan kuɗin magani na wata-wata ya riga ya cinye jari?

Mu ba mu iya ba, har yanzu. Abin da muka iya shi ne wannan. Na ɗauki kawu a waya na minti biyar yana barci, da izininsa, Inna ta nuna wa likita a ranar ganinsa. Likitan ya kalla sau biyu, ya dakatar da wata ƙwayar barci da ashe kawu ya daɗe yana sha, ya duba hancinsa, ya sake tsarin maganin jininsa, ya rubuta mana takardar gwajin barci da muke tara kuɗinta. Wani ɗan'uwanmu ya kawo ɗan abin auna oksijin ɗin nan da ake maƙala wa a yatsa, wanda aka sani tun zamanin korona a 2020. A lokacin shirun mun ga lambar ta gangaro daga 95 zuwa ƙasa da 85, sannan ta hau bayan zaburar. Mai gashin ƙashi ta nuna wa Inna yadda za ta kwantar da shi a gefe ba tare da an danne kafaɗar da ta shanye ba: matashi mai tauri a baya don kada ya mirgina, wani tsakanin gwiwoyi, hannun a miƙe gaba. Muka sa bulo biyu a ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai. Kaskon gawayi ya koma tsakar gida, aka ƙara bargo da hular sanyi. Kwanciyar gefe ba baƙuwa ba ce a gare shi, ita aka koya masa tun yana makarantar allo, don haka bai yi gardama ba.

Shirun bai tafi gaba ɗaya ba. Na sake kwana a ɗakin a watan Maris, na ƙirga sau 11 a awa guda. Wajen ƙarfe uku matashin bayan ya zame, kawu ya koma rigingine, nan take gurnanin ya dawo. Na tashi na tura kafaɗarsa a hankali, na mayar da matashin. Inna ta ce ita ma haka take yi sau biyu ko uku kowane dare, kuma yanzu tana rubuta adadin a bayan katin asibitinsa, don ranar 14 ga wata za su koma ganin likita.